KASHI NA 23: Karatun injiniyan jirgin sama, kafin Baba ya sayar da gona

Masu saurare ta waya, da ku da kuke jira a buga a shafi ku karanta saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku.

Yau da wata maganar na shirya, amma wani saƙo da ya shigo min cikin satin nan ya sa na ajiye ta. Wani yaro ne ya turo, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya ce, Yaya, na gama sakandare, burina tun ina ƙarami in tuƙa jirgin sama, shi ya sa zan cike injiniyancin jirgin sama a JAMB. Idan ban samu a nan ba, Baba ya ce zai sayar da gonarsa ta fadama ya tura ni waje in karanta.

Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi. Domin ni ma da irin wannan tunanin na shiga, kuma sai da na kai aji biyu kafin na yarda cewa ƙofar da na shiga daban, wadda nake nema daban. Ni Allah ya taimake ni na zo na so karatun. Amma ba kowa ke dacewa haka ba, kuma a gidanmu ba a sayar da gona ba.

To ƙanena, saurara. Kuma idan da hali ka kunna wa Baba ya ji.

Mutum uku ne suke tsaye a kan jirgi, mu kuma a gida duk mun haɗe su mun ce musu "ma'aikacin jirgi". Akwai matuƙi. Akwai mai duba jirgi ya gyara, ya sa hannu cewa lafiyarsa lau ya tashi. Sannan akwai wanda ya zauna ya lissafa yadda jirgin zai kasance tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba: tsawon fiffike, kaurinsa, ƙarfin inji, nauyin da zai ɗauka. Digirin da kake shirin cikewa na mutum na ukun ne. Shekara biyar za ka yi, kuma babu ranar da za a ba ka jirgi a ce ja mu gani. Ni har na gama ban taɓa zama a kujerar matuƙi jirgi yana sama ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, har ta rasu tana jiran ranar da zan ɗauke ta in kai ta Makka. Na yi bayani na gaji, ƙarshe sai in ce, Hajiya a dai ci gaba da addu'a.

Shi matuƙi lasisi yake nema, ba digiri ba. A Zariya akwai kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama, NCAT, tun 1964 take nan, a Ilori ma akwai wata. Ana so ka tara wajen awa 200 a sama kafin a ba ka lasisin tuƙa jirgin haya, kuma kowace awa kuɗi ce, shi ya sa karatun yake da tsadar gaske. Mai gyara shi ma lasisi ne, hukumar NCAA ke bayarwa bayan ka ci jarrabawarta ka kuma yi shekaru kana aiki da hannunka a ƙarƙashin wani. Shi ma ana koyar da shi a Zariya. Zan dawo kan wannan, don akwai abin da ya same ni.

Yanzu me ake karantawa a cikin shekara biyar ɗin?

Aji ɗaya da aji biyu, gaskiya ba ka ma jin ƙamshin jirgi. Lissafi ne, fiziks, kemistiri, zanen injiniya, tare da 'yan makanikal da 'yan sibil kuke cika aji ɗaya. A nan ne mutane suke fara zubewa. Wanda ya zo saboda yana son farar riga da hular kyaftin, ya tarar da kalkulas ƙarfe bakwai na safe, sai ka ga ido ya raina fata. Sai a aji uku ne ake fara raba hanya, ka shiga ainihin abin. Kuma ainihin abin, in ka tattara shi, tambayoyi ne kaɗan. Me ke ɗaga jirgi? Me ke tura shi? Me zai hana shi karyewa? Me zai hana shi kifewa?

Bari in ɗan daɗe a kan ta farko, don ita ce ta sa na so karatun.

A sakandare an gaya mana cewa saman fiffike ya fi ƙasansa tsawo, don haka iskar da ta bi ta sama dole ta yi sauri don ta tarar da 'yar'uwarta a baya. Lakcar farko malaminmu ya tambaya, wa ya san wannan bayanin? Duk muka ɗaga hannu muna murna. Ya ce to ku zubar da shi. Ya ce wa ya ɗaura wa iskar sama da ta ƙasa aure da har dole sai sun haɗu a baya? A gwaji ma ta saman riga ta ƙasan wucewa take yi. Kuma in da bayanin gaskiya ne, ta yaya jirgin yaƙi yake tafiya a kife? Abin da ke faruwa shi ne fiffike yana karkatar da iska ya tura ta ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Matsin iska a samansa ya ragu, na ƙasansa ya fi yawa, bambancin ne yake ɗaukar jirgi da mutanen cikinsa da kayansu. Ka taɓa fito da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu ka ɗan karkata shi? To ka taɓa yin fiffike.

Ƙarfin ɗagawar nan abu huɗu ne ke haifar da shi: faɗin fiffike, siffarsa da yadda ya karkata ga iska, gudun jirgi, da kaurin ita kanta iskar. Gudu shi ne babba, don idan ka ninka gudu sau biyu, ɗagawa sau huɗu take ninkuwa. Karkatar kuma tana da iyaka. Ka yi ta ɗaga hancin jirgi, ɗagawa tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, da ka wuce wajen digiri 15 sai iska ta saki bayan fiffiken, ɗagawar ta zube lokaci guda. Ku riƙe wannan, zai dawo a labarin furojet ɗina.

Amma kaurin iska, shi ne wanda ya taɓa ni. Lissafin jirgi ana gina shi ne a kan iskar bakin teku a zafin digiri 15, inda kowace mita ɗaya ta kowane ɓangare take ɗauke da iska mai nauyin kilo 1.225. Iska idan ta yi zafi sai ta saki, idan ka hau tudu ma sai ta saki. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusan mita 470 sama da teku. Ka haɗa da zafin digiri 40 na watan Afrilu ko Mayu. An ba mu wannan a aikin gida, na buga, na ga iskar ta ragu da wajen kashi 13 cikin 100. Ma'ana jirgi sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga, a daidai lokacin da injinsa ma ya rage ƙarfi, don shi ma iskar yake shaƙa. Sai titin da yake buƙata ya ƙaru sosai.

Ina zaune da kalkuleta a hannu sai na tuna Gwammaja. Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, ina firamare lokacin, mun ga hayaƙi daga unguwarmu. Jirgi ƙirar BAC 1-11 da zai tafi Legas ya faɗa kan gidajen mutane jim kaɗan da tashinsa, da rana tsaka. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da bincike ya nuna, babban titin ana gyaransa, ta gajeren aka tashi, ga zafi. Jirgin ya cinye titin bai ɗaga ba, ya shiga cikin ƙasa, injinan suka shaƙi ƙura, ya ɗan tashi, ƙarfi bai isa ba. Ajali idan ya zo ya zo, wannan mun yi imani da shi. Amma daga ranar da na yi wancan aikin gidan ban ƙara yi wa lambobin nan kallon abin cin jarrabawa ba.

Akwai wani malami da muka tsana a aji uku. Zan faɗi gaskiya, mun tsane shi. Idan ka yi lissafi shafi uku daidai, ka zo ƙarshe ka rubuta amsa ba ka sa ma'auni ba, ko ka sa wanda ba shi ba, sifili zai ba ka. Ba rabi, ba kwata. Ni kaina ya kayar da ni a kwas ɗin gudanar ruwa da iska, sai da na maimaita. Na je ofishinsa na ce, Malam, hanyar fa duk daidai ce. Bai ce min komai ba sai ya ba ni labarin wani jirgin Kanada. A watan Yulin 1983, sabon Boeing 767, lokacin ƙasar tana sauya ma'auni daga laba, wato fam na awo, zuwa kilo. Jirgin yana buƙatar mai kilo 22,300. Aka yi lissafi da lambar da ba ita ba, aka tashi da laba 22,300, wanda bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Suna tsakiyar tafiya, injina biyu suka mutu. Allah ya sa kyaftin ɗin ya iya tuƙa jirgi marar inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli, ba wanda ya mutu. Malam ya ce, su ma hanyarsu duk daidai ce. Ka fita ka rufe min ƙofa.

Na fita ina ƙunƙuni. Yau idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo min lissafi ba ma'auni, mayar masa nake yi.

Inji ba zan daɗe a kansa ba, duk da shi ne abin da ɗalibai suka fi so. Aikinsa huɗu: ya shaƙi iska, ya matse ta, ya zuba mai ya ƙona, ya fesar ta baya. Jirgin farko mai irin wannan inji ya tashi a Jamus a watan Agustan 1939. Abu ɗaya da har yau yake ba ni mamaki, wutar da ke dukan farfelun baya a manyan injinan zamani ta wuce digiri 1,500, ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen da aka yi farfelun da shi. Abin da ya hana su narkewa, an huda musu ƙananan ramuka, iska mai ɗan sanyi tana fitowa ta lulluɓe su kamar mayafi. Kafin ka fahimci wannan sai ka sha kwas ɗin ilimin zafi, wanda shi ma ya ci mutane da yawa.

Sai maganar karyewa. Wannan darasi da rayukan mutane aka saye shi. A 1952 Ingila ta fito da Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, duniya tana ta kallo. A Janairun 1954 ɗaya ya tashi daga Rum ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35. A Afrilun shekarar wani ya sake tashi daga Rum ya tarwatse kusa da Nafuli, mutum 21. Ba bam, ba hadari. Sai masu bincike a Farnborough suka gina ƙaton tankin ruwa, suka saka gangar jikin wani Comet ɗin a ciki, suna cika shi da ruwa suna ragewa, kamar yana hawa sama yana saukowa. Saboda jirgi idan ya hau, ana hura masa iska a ciki don mutane su iya numfashi, sai jikinsa ya ɗan kumbura, idan ya sauko ya koma. Da aka kai wajen sau 3,000, in an haɗa da tashin da ya riga ya yi, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata taga. Ashe ƙarfe yana gajiya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙarwa, ba ka ja ta da ƙarfi ba amma za ta karye. Kuma tsagar daga kusurwa take farawa, ko bakin ramin ƙusa, inda nauyi yake taruwa. Shi ya sa ake lissafa shekarun jirgi da yawan tashi da sauka, ba da kalanda kawai ba.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Mai gina gada ko bene yana iya ninka ƙarfin gininsa sau da yawa don ya kwanta da hankali. Mai ƙera jirgi ba shi da wannan gatan, don duk kilo ɗaya da ya ƙara, mai ne za a ƙona a ɗauke shi har ƙarshen rayuwar jirgin. Rarar da doka ta ba shi ɗaya da rabi ce. Ka lissafa nauyi mafi tsanani da fiffike zai taɓa gamuwa da shi, ka ninka da 1.5, shi ke nan. Lokacin da Boeing suka gwada fiffiken 777 a 1995, sun yi ta lanƙwasa shi da gangan har ya karye a kashi 154 cikin 100. Ana neman 150, ya karye a 154, injiniyoyi suka yi ta tafi. Da ya kai 200 ba za a yi murna ba, za a ce kun yi asarar ƙarfe. Bidiyon yana YouTube, ku nema ku gani. A cikin wannan ɗan siririn tsakanin ake aikin gaba ɗaya, shi ya sa karatun ba ya yafe ganganci.

A aji huɗu ake tafiya SIWES wata shida. Ni a wata rumfar gyaran jirage na yi. Na je da taƙamata, ɗan jami'a, na san lissafin fiffike. Aka haɗa ni da wani dattijo da bai taɓa shiga jami'a ba, amma yana da lasisi, ya fi shekara 30 yana aikin. Sati biyun farko aikina goge kayan aiki da ƙirga su. Na ce, Baba, ni fa injiniya nake karanta. Ya ce, to injiniya, ƙirga. Wata rana da yamma aka ƙirga sifana ɗaya babu. Ba wanda ya tafi gida. Aka sake buɗe duk inda aka rufe a jikin jirgin, har bayan isha'i, sai ga ta a aljihun rigar aikin wani da ya rataye. Ba wanda ya yi dariya. Sifanar da aka manta a cikin jirgi tana iya maƙale igiyar sarrafa jela.

A can na gane abin da nake so kai ma ka gane. Duk digirina, ba ni da ikon sa hannu a kan ko ƙusa ɗaya. Dattijon nan in bai sa hannu ba jirgin ba ya motsawa, ko mai kamfanin ne ya zo da kansa. Idan na so in zama kamarsa, sai na bi layin lasisi daga farko kamar kowa. Mutane da yawa suna dawowa daga waje da kwalin digiri, an kashe musu dukiya, su je kamfanin jirgi a tambaye su lasisi, su tsaya suna kallon mai tambayar.

Aji biyar kuma furojet. Mu huɗu muka haɗu za mu ƙera ƙaramin jirgi marar matuƙi, fiffike mita biyu, da farin soson nan da ake naɗe firiji da shi da katako marar nauyi. Wata huɗu muna lissafi, mun zana a SolidWorks, mun gwada a MATLAB, komai ya yi kyau a kwamfuta. Batirin da muka yi oda bai iso ba, kuɗinmu ya maƙale, sai muka sayi wani a kasuwa wanda bai kai shi nauyi ba. Batirin a hanci yake zama. Ni ne mai kula da lissafin nauyi, kuma na san ƙa'ida: tsakiyar nauyin irin wannan jirgi ya kamata ta zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. In ta koma baya, jirgi ba ya zama lafiya. Na ce a raina, ɗan bambancin nan ba komai. Ban sake aunawa ba. Aikin minti biyar ne fa, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ka ga inda zai rinjaya.

Ranar gwaji muka fita filin ƙwallo da sassafe, har da 'yan kallo. Jirgi ya ruga, ya ɗaga, muka fara kabbara. Sai hanci ya yi sama, ya ƙara yin sama, iska ta saki fiffike, ya juyo ya caki ƙasa. Wanda ya ɗauki bidiyo ya ƙirga, daƙiƙa tara. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, tashinsu na farko ranar 17 ga Disamba 1903 daƙiƙa 12 ya yi. Wato bayan shekara ɗari da ɗoriya, da kwamfuta da komai, ba mu kamo masu gyaran keke ba. Abokaina ba su zage ni ba, wanda ya fi zagin ciwo. Na sayar da wayata muka sake gini, na biyun ya tashi lafiya. Su 'yan Wright ɗin ma, abin da ba a cika faɗa ba, sai da suka ƙera akwatin gwajin iska a shagonsu a 1901, suka gwada siffar fiffike wajen 200, saboda sun gano lambobin da suka samu a littattafai ba su yi musu daidai ba.

To yanzu maganar da ta fi muhimmanci ga Baba: in an gama, ina aikin yake?

Ba zan yi maka ƙarya ba. Najeriya ba ta ƙera jirgin fasinja. Masu wannan aikin su ne irin Boeing a Amurka, Airbus a Turai, Embraer a Burazil. Ko babban gyara ma, yawancin jiragenmu waje ake kai su. Ba wai ba a taɓa komai ba. A Kaduna an harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle don sojan sama. Sojan saman sun fito da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018, kun ji sunayen ma na gida ne. Akwai hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. Akwai NCAA da masu binciken haɗurra. Harkar ƙananan jirage marasa matuƙi kuma tana buɗewa, awon filaye, feshin gona, har kai magani asibitocin karkara kamar yadda Zipline suka fara a jihar Kaduna. Amma kujerun kaɗan ne. A 'yan ajinmu, waɗanda suke taɓa jirgi yau ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran suna kamfanin siminti, wutar lantarki, mai da gas, banki, wasu sun koma rubuta manhaja, wasu sun fita digiri na biyu ba su dawo ba. Ba su wulaƙanta ba, don wanda ya iya lissafin iska da zafi da ƙarfe ba ya rasa inda zai shiga. Sai dai ba abin da suka gaya wa iyayensu za su zama ba ke nan.

Shi ya sa ra'ayina, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba, idan kana son ƙira amma ba ka tabbatar ba, ka karanta makanikal a BUK ko ABU. Kaso mai yawa na kwasa-kwasan iri ɗaya ne, kuma ƙofofinsa sun fi yawa. In har son jirgin bai sake ka ba, ka nemi tallafin karatu ka yi digiri na biyu a kansa, irin su Cranfield a Ingila ko Delft a Holan suna ɗaukar 'yan makanikal. Idan kuma ka ce a'a, kai shi kake so tun daga tushe, to akwai shi a gida. AFIT a Kaduna suna yi, kuma farar hula ma suna shiga. Jami'ar jihar Kwara da ke Malete tana yi, akwai wasu ma a kudu. Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri za ka rubuta. Kafin ka cike ko'ina, ka bincika ko NUC da COREN sun amince da kwas ɗin a wannan makarantar. Ka je da ƙafarka ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje, ka tambayi ɗan aji huɗu yaushe rabon da a kunna na'urar gwajin iska. Amsarsa ta fi duk abin da aka rubuta a takardar talla.

Amma kai ƙanena, ba ƙira ka ce kana so ba. Tuƙi ka ce. To abu na farko, kafin a yi maganar gona ko JAMB, ka je a yi maka gwajin lafiya na matuƙa a wajen likitan da NCAA ta amince da shi. Ido, kunne, zuciya, da bambance launi. Akwai waɗanda ba sa rarrabe ja da kore sosai kuma ba su sani ba sai ranar gwajin. Kuɗin gwajin ba ya kai kuɗin buhunan da gonar take bayarwa a damina ɗaya. In ka tsallake, ka je Zariya da kanka ka tambayi kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya, ka rubuta a takarda ka kawo wa Baba, ku gani ko gonar ma za ta kai rabi. Ka tambaya ko jiharku tana ɗaukar nauyin ɗalibai, don wasu jihohin sun taɓa yi. Akwai kuma hanyar NDA a Kaduna, ka shiga sojan sama gwamnati ta horar da kai, sai dai ka sani soja za ka zama, ba kai ke zaɓar inda za a tura ka ba, kuma ba duk wanda ya shiga ake ba jirgi ba. Sannan ka nemi matuƙi ɗaya da ya gama a 'yan shekarun nan ka tambaye shi wata nawa ya zauna kafin ya samu aiki, kuma wa ya biya masa horon nau'in jirgin da yake tuƙawa, don shi ma wani kuɗin ne daban bayan lasisi.

Baba, in kana ji, don Allah a dakata da maganar dillali tukuna, a bar yaron nan ya yi waɗannan tafiye-tafiyen guda biyu, asibiti da Zariya. Kai kuma ka turo min abin da likita ya ce, na ajiye lambarka.

Nan za mu tsaya yau. Masu tambaya a kan lasisin gyara, na ga saƙonninku, ina neman wanda yake cikin aikin ya zo ya yi bayani da bakinsa, don ya fi ni sani. Sai mun haɗu a kashi na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.